Irin Cittar Lai'atu

A ƙauyukan da ke bayan Kwoi, in ana son sanin matsayin mutum ba rigarsa ake dubawa ba, tambaya ake yi ko yana da iri. Irin citta ake nufi. Mai iri manomi ne, ko da gonarsa ba ta fi tsakar gida faɗi ba. Marar iri kuwa ɗan ƙwadago ne, wanda zai wuni a kan dutse yana tsaga cittar wani da wuƙa har yatsunsa su yi kanta, ya koma gida da yamma yana ƙamshin arzikin da ba nasa ba. Lai'atu matar Andrawus, ta Ungwan Kanya, mai iri ce. Abin da ta mallaka ke nan a duniya, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta haɗa shi da komai.

Wajen uwarta ta samo shi. Ranar da aka kai ta gidan miji, lokacin da ake bin wasu amare da akwati da tasoshi, ita kwando guda na citta tsohuwar ta aza mata a ka, ta ce mata ko yunwa za ta kwantar da ita kada ta sayar da na shuka. Haka kuwa ta riƙe. Kowace kaka in ta haƙe gonarta, sai ta fara ware masu ƙiba, masu idanu da yawa, ta jibge su a inuwar mangwaron bayan ɗaki ta lulluɓe da ganye, sannan ta waiwayi na sayarwa. Shekarar da dawa ta ƙi, suka yi ta cin rogo har ya fita ransu, ba ta taɓa tulin nan ba. Lokacin yaƙin basasa, da citta ta faɗi warwas a kasuwa har wasu suka watsar da nomanta, ita ta ci gaba da shukawa tana tonewa, don dai kada irin ya mutu a hannunta. A hankali kwando guda ya zama tuli mai kai wa mutum ƙugu.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, baƙa wuluk, da murya irin wadda ba ta buƙatar a matso kusa. Ita ke buga tulun kiɗa a zumuntar matan coci, in kuwa ta ɗauki waƙa a coci ko kurma sai ya san ana sujada. Ba ta yi boko ba, iyakarta ajin baftisma, inda ta koyi haɗa baƙaƙen Hausa da ƙyar. Bakinta ba ya ɓoye abin da ke cikinta, shi ya sa mata ke son zama kusa da ita a wurin biki, maza kuma su ratse hanya in sun san sun yi abin faɗa. 'Yarta guda ce ta rayu, Hellen, wadda ta auri wani ɗan kamasho a tashar motar Kagarko. Ba su da gona a can, saboda haka kwandon da Lai'atu ta tanadar mata yana nan cikin tulin, yana jiran ranar da za su sami fili. Kowa a gari Mama Hellen yake kiran ta.

Mijinta Andrawus mutum ne mai sanyin hali. Da rani yakan sauka Kafanchan ya yi dako a tashar jirgi, yana loda wa wani attajiri buhunan busasshiyar citta a tarago. Wata rana buhu ya zame daga saman tsari ya same shi a gadon baya, aka kawo shi gida kwance a bayan akori-kura. Attajirin, Allah ya saka masa, ya aiko da kwalbar man zafi da gaisuwa, washegari ya sa wani a gurbinsa. Tun daga nan Andrawus bai ƙara miƙewa sosai ba. Da sanda yake zuwa coci, sauran kwanaki yana bakin ƙofa yana saƙa kwanduna. Garmarsa ta koma hannun Lai'atu, babbar garmar nan ta mutanen Jaba wadda ko namiji sai ya ci ya ƙoshi yake ɗaga ta.

Noman citta ba aikin mutum ɗaya ba ne, dole a faɗi wannan saboda wanda bai sani ba. Da ruwan farko ya sauka ake kakkarya iri gutsu-gutsu, kowane gutsure da idonsa. Da zarar an karya shi kuwa ba ya jira: a binne shi da wuri, a kuma rufe gonar gaba ɗaya da ɗanyen ganye daga daji, rufi mai kauri, kafin rana ta gan shi. Ba a binne shi da zurfi, saboda haka in aka bar ƙasa tsirara rana za ta dafa shi a inda yake kwance. Shi ya sa gidajen Ungwan Kanya suke da gayya ta karɓa-karɓa. Yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, maza na kaftu suna binnewa, mata na jigilar ganye, mai gona ya ciyar da su. Wanda ka yi wa, shi ma zai yi maka. Lai'atu, tun da miji ya kwanta, aikin mutum biyu take yi a gonar kowa: ta yi kaftu da maza da safe, rana ta take ta shiga layin mata masu ɗauko ganye. Ba ta taɓa fashi ba, ko da zazzaɓi a jikinta.

To, akwai gida ɗaya a cikin gayyar da ya fi ƙarfin gayyar, gidan Martins. Sa'an Andrawus ne, tare suka yi kiwon awaki da bante. Ba wani kaifin ƙwaƙwalwa ne ya raba su ba. Uban Martins ne ya yi wa Turawan mishan kuku, aka ɗauki ɗansa makaranta. Uban Andrawus kuwa yana gona ranar da ake ɗaukar yara. Shi ke nan fa. Ɗaya ya zama akawun kotu a Kafanchan, ɗaya ya zama mai ɗaukar buhu a Kafanchan ɗin dai. Da soja suka sake tsarin ƙananan hukumomi a 1976, Martins ya dawo gida da sunan Kansila, da mota, da tumbi, da wata irin tafiya ta mai tsoron kada ƙasa ta ɓata masa takalmi. Matarsa Emilia, wadda aka sani tana tallan ƙosai a bakin kasuwa, ta zama Madam.

Kada a zaci ya fita daga gayya da ya girma. Me zai fitar da shi? Gonarsa kowace shekara sai ta ƙara cin daji, har ta kai in layi ya zo kansa sai a kwashe kwanaki ana abu ɗaya, alhali ta kowa wuni guda ce. In kuma layi ya zo kan wani, a da yana kotu, yanzu da ya zama Kansila yana miting. Sai a ga direbansa ya sauke kiret ɗin lemo a bakin gona, lemon da ya sha rana har ya yi zafi, mutane su ajiye garma su yi ta tafi. Gumin gari guda ake musanyawa da ruwan sukari, kuma ba mai cewa uffan. Lai'atu takan yi tsaki ta ƙi sha, amma ita ma iyakarta ke nan, don ranarta ba ta taɓa wucewa ba a zo mata ba.

Daminar 1977 ta zo da wuri. Ran Lahadi bayan an tashi sujada, Meshak, wanda shi ne sarkin gayya kuma dattijon ikilisiya, ya tsaya a ƙofar coci ya faɗi layi, kowa na ji. Alhamis ta faɗo kan Lai'atu. Maganar da aka yi a ƙofar coci kuwa, a wurinta, daidai take da rantsuwa. Ta jiƙa dawar kunu, ta surfa acca, ta aro manyan tukwane a maƙwabta. Ran Laraba ta yaye ganyen da ke kan tulin irinta, ita da Andrawus suka zauna suka kakkarya shi tas, har da rabon Hellen, ba su bar ko yatsa ɗaya ba. Suna cikin tattarawa da la'asar sai ga Meshak ya shigo, yana ta gyaran murya tun daga bakin ƙofa.

"Mama Hellen, sannu da aiki."

"Sannu, Baba. Gobe da sassafe fa. Na riga na jiƙa kunu, kada wani ya ce bai ji ba."

"To, shi ne na zo." Meshak ya ƙi zama, ya kuma ƙi duban tabarmar da irin ke baje a kai. "An ɗaga rana naki kaɗan. Babban ofisa na gona zai zo daga Kaduna, zai duba gona na Kansila, har da masu hoto. Dole mu rufe shi duka kafin ya iso."

Lai'atu ta miƙe da gutsuren citta a hannu. "Baba, dubi ƙasa. Na riga na karya."

"Ubangiji zai kiyaye. In ofisa ya ji daɗi za a kawo taki na gwamnati, kowa zai samu. Abu na gari ne, ba na mutum ɗaya ba."

"Abu na gari? Wane gona a garin nan Kansila ya taɓa sa ƙafa? Ni na rufe nashi shekara da shekaru, baya na ya sani. Yau rana na ya zo, sai a ce ofisa? Ofisa ɗin zai shuka citta ne ko zai ci?"

"Rage murya, Mama Hellen. Ba a faɗa wa manya haka." Ya juya zai fita, sannan ya waiwayo. "Ke ma ki fito gobe. Kin san doka namu. Wanda bai zo ba, ba ciwo ba mutuwa, tara nashi zakara ne."

Kowa a garin ya san ɗan Meshak na neman aikin masinja a ƙaramar hukuma, kuma kowa ya san bakin wa ake jira. Lai'atu ma ta sani. Ta bi bayansa da kallo har ya ɓace.

Washegari ta ji wucewarsu ta bayan gidanta, da garemani a kafaɗa, suna tafiya shiru-shiru kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Babu wanda ya leƙo. Mutanen da ta sha ƙasa a gonakinsu ne fa, da matan da suke waƙa tare, amma kowa ya sunkuyar da kai ya wuce. Ba mugunta ba ce, tsoro ne da kwaɗayi, sai dai ga wanda aka bari a rana duk ɗaya ne. Ita kuwa ba ta bi su ba. Ta yaya za ta bar irin uwarta a karye a kan tabarma ta je ta rufe na wani? Ta kinkimi kwanduna ta kai gona, ta dawo ta tallafo Andrawus. Tana kaftu, shi yana jan gindi a bayanta yana cusa gutsattsarin a ƙasa, yana cije leɓe saboda baya. Kunun da ta dama wa jama'a ya yi tsami a tukwane, aladun maƙwabta suka sha biki.

Binnewa ta yiwu, ko da yake da ƙyar. Rufi ne ya gagara. Da ta ɗauki adda ta nufi dajin da aka saba yankan ganye, sai ta tarar an aske shi ƙwal. Gayya ta riga ta, har da wata babbar mota da Kansila ya ɗauko haya tana kwasa. Duk reshen da hannu zai kai an sare shi an kai gonar da ofisa zai gani. Dole ta tsallake rafi ta dangana da gindin tsauni, tafiya mai nisa, ta yanko, ta ɗaure, ta ɗauko a ka. Ɗauri guda na mace ɗaya kuwa, in an baza shi, bai wuce wurin shimfiɗa tabarma ba. Takan sauke, ta dubi sauran gonar kwance tsirara, ta juya ta koma.

Sai ruwa ya ɗauke. Sama ta yi tas, rana ta buɗe tun hantsi tana dukan ƙasa har mutum ba ya iya takawa ba takalmi. Da ofisa ya zo ranar da aka ce, da an sami abin ceto. Amma babban mutum ba ya zuwa ranar da ya ce, ai sai a raina shi. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Kafin nan aka riƙe 'yan gayya da gyaran hanya, da kafa rumfa, da shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Zumuntar mata kuma aka ce su koyi sabuwar waƙar maraba. Har aiko wa Lai'atu aka yi wai ta zo ta buga tulu. Abin da ta faɗa wa matar da aka aiko ba ya maimaituwa a nan.

Mutum ɗaya ce ta taya ta, Nene, Bafillatanar da ke kawo nono daga rugar hayin rafi. Ta same ta zaune a bakin hanya da ɗaurin ganye a gefe, ƙafafunta sun kumbura. Nene ta sauke ƙwaryarta a inuwa, ta ɗebo nono a ludayi ta miƙa mata.

"Sha, Lai'atu. Ina mutanenki?"

"Suna can suna shafa wa dutse hoda."

"Mu ma an aiko," in ji Nene. "Wai mu kau da shanu daga hanya, kada ofisa ya ga kashi. Ofisan gona fa!"

Suka yi dariya, dariyar da ba daɗi a cikinta. Nene ta ɗauki ɗaurin ta kai mata har gona, ta koma ta ɗauko wani, sannan ta ce nononta zai lalace, ta wuce kasuwa. Ba ta cikin gayya, ba ta kuma taɓa cin tuwon Lai'atu ba.

Ofisa ya zo daga baya, da ayarin motoci. Ya fito da malafa, ya tsaya a bakin gonar Kansila, aka miƙa masa sabuwar garma ya riƙe ta a baibai, aka ɗauki hoto. Ya ce Ungwan Kanya ta zama abin koyi, suka sha hannu da Martins, ya koma mota tun mata ba su kai tsakiyar waƙa ba. Aka sallami 'yan gayya, kowa ya ruga gonarsa, don kowa nasa irin na jira, layi ya wargaje. Da Lai'atu ta tare Meshak a hanya, ya ce za a duba.

Da ruwa ya dawo, gonar Kansila ta yi tsiro kore shar, layi-layi, har masu wucewa a mota suna rage gudu. Lai'atu ta yi ta zuwa tata kowace safiya tana jira. Nan tsiro ɗaya, can wani, kamar haƙoran tsohuwa. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta durƙusa ta tona da yatsa. Gutsuren farko ya fito a bushe, ba nauyi, ta matse shi ya ruguje. Na biyu ma haka. Ta bi gonar da rarrafe tana tonawa, har ta isa inda ta rufe a makare. Nan kuma irin ya riga ya dahu kafin ganye ya zo, da ruwa ya same shi sai ya ruɓe. Ta zauna daɓas a tsakiyar gona ta yi kuka da ƙarfi, kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka kawo Andrawus a kwance. Baƙin ciki ne, amma fushi ya fi yawa a ciki.

Ta wanke ƙafa ta tafi gidan Kansila, da busassun gutsattsarin ƙulle a bakin zani. Kansila yana Kafanchan. Madam Emilia ce a baranda, kan kujera mai katifa, ga wasu kujerun ba kowa a kai, amma tabarma aka nuna wa Lai'atu. Ta kwance ƙullin ta zube shi a gaban Madam.

"Ayya, sori," in ji Madam, tana janye ƙafa. "Fari ne, Mama Hellen. Daga Allah ne, ba ke kaɗai ba."

"Fari ɗin bai san hanya na gona naku ba?"

"Ni ban san magana na gona ba. In Oga ya dawo zan gaya mashi." Ta shiga ciki ta fito da tsohon ɗankwali da shinkafa a gwangwani. "Ki riƙe wannan."

Lai'atu ta dubi ɗankwalin, ta dubi matar da a da take sayen ƙosai a hannunta don tausayi, ta tashi ta fita. Ta bar musu kyautarsu da busasshen irin a kan siminti. Kafin Lahadi labari ya zaga gari cewa Mama Hellen ba ta da kunya, an yi mata alheri ta ƙi karɓa.

Da kaka abin da ta tono bai cika tukunyar miya ba, shi ma ƙanana ne, tsumburarru, ba ido ba ƙiba, waɗanda ko an shuka ba sa komai. Gindin mangwaro ya zauna fayau a karo na farko tun zuwanta gidan. Ba inda za ta roƙa, don a shekarar kowa ya shuka a makare, kowa ɗan abin da ya samu ya ƙanƙame. Mutum ɗaya ne ke da iri har ya yi masa yawa, shi kuwa ba ya ba da ɗanye, sai dai ya busar ya aika tashar jirgi. Takin gwamnati ya zo, ba a yi ƙarya ba. An sauke shi a sito na Kansila, kuma yana nan lafiya.

Bayan an gama girbi 'yan gayya sukan taru a gindin ɗorawar da ke bakin coci, a yi shari'ar waɗanda suka yi fashi, a yanka zakarun da aka ci su tara, a ci tare. Lai'atu ta je ne don ta ji abin da za a ce game da ranarta. Sunan farko da Meshak ya kira nata ne. Bai ɗaga ido ba ya ce Mama Hellen ba ta fito gonar Kansila ba ko sau ɗaya, ba ciwo, ba mutuwa, saboda haka zakara.

Lai'atu ta miƙe.

"Ni? Ni ne mai laifi? Ku dube ni da kyau, dukanku. Akwai wanda ban shiga gona nashi ba a nan?" Ta nuna wani maƙwabcinta da yatsa. "Kai, Gregory, wa ya rufe maka lokacin da mata naka yana jego? Kun bar ni da miji mara lafiya a rana, kun je kuna yi wa hoto aiki. Iri na uwa na ya mutu, ko ɗaya bai saura ba, yanzu kuma kuna so ku ci kaza na a kai! To Kansila fa? Ina zakara nashi?"

"Kansila bai taɓa fashi ba," in ji Meshak. "Yana aiko lemo, shi ne hannu nashi. Ke kuma rana naki ba a soke ba, an ɗaga ne. Yana nan."

"Yana nan? In shuka mene a ciki? Dutse?"

"Doka ne, Mama Hellen. In ba ki bayar ba, gida naku ya fita daga gayya."

Ta bi fuskoki da kallo. Gregory na tonon ƙasa da babban yatsan ƙafa. Matan zumunta kowacce ta sami abin gyarawa a bakin zaninta. Da ko 'yan kaɗan ne suka tashi suka ce ba su yarda ba, da maganar ta mutu a nan, amma kowa na da abin da yake nema a hannun Kansila, ko abin da yake tsoron a karɓe masa. Fita daga gayya kuwa ba citta kaɗai ta shafa ba. Wa zai kafta musu gonar dawa da ta acca? Mai aiki ɗaya ce tak a gidan. Andrawus, wanda ya dogaro sanda ya biyo ta, ya jawo bakin zaninta a hankali.

"Ba su, Lai'atu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Za mu ci abinci baɗi."

Ta je gida da kanta ta kamo zakaran, wani ja, shi kaɗai ne namiji a cikin kajinta. Kuma da yake duk garin an san ba mai hannun miya kamarta, ita aka ce ta dafa. Ta fige shi, ta dafa shi, hawaye bai zo ba, don abin ya wuce kuka. Ana shirin rabawa sai ga motar Kansila. Aka ruga coci aka ɗauko masa kujerar fasto. Ƙundun kaza, a wannan taro, dattijon da ya fi kowa shekaru ake miƙa wa. Ranar Meshak ya tsamo shi da kansa, ya sa a faranti, ya wuce tsofaffi ya kai wa Martins da hannu biyu.

Martins ya tauna, ya lumshe ido. "Wa ya yi wannan miya? A'a, Mama Hellen! Hannu naki bai tsufa ba. Yaya aboki na?" Bai ko waiwaya inda Andrawus ke zaune ba. "Na ji an ce citta naki bai yi ba bana. Sori. Ki zo gida ran Monde, Madam yana neman masu tsagawa. Namu ya yi yawa, mun rasa hannu."

Abin takaicin, da zuciya ɗaya ya faɗa. Bai san zakaran wa yake ci ba, bai kuma tambaya ba. Ina ruwansa? Akwai masu sanin irin waɗannan abubuwa a madadinsa. Jama'a suka hau cewa Allah ya ƙara girma, wata ta zunguri Lai'atu ta ce, "Ki yi godiya mana."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Lai'atu. A ranta ji take kamar ta kife masa tukunyar a ka.

Ran Litinin ta wasa wuƙarta ta tafi. Cittar Kansila na nan tsibi-tsibi a kan faffaɗan dutsen bayan gidansa, mata na zaune kewaye suna tsaga ta biyu suna bazawa a rana. Suka matsa mata wuri ba tare da sun dube ta ba, don wasunsu a da ita ke kiran su su taya ta tsaga tata. Ta ɗauki ta farko, ƙatuwa, mai yatsu cike da idanu. Ta juya ta a hannu, ta sake juyawa, sannan ta sa wuƙa ta raba ta biyu. Haka ta wuni.

Da yamma matan suka yi layi a bakin ƙofa. Madam na tsaye a wurin, kowace mace sai ta kwance zani ta kakkaɓe, ta cire ɗankwali, kada wata ta fita da ɗanyar citta ta je ta shuka. Da layi ya zo kan Lai'atu, Madam ta ɗan kau da kai.

"Ba don ke ba ne, Mama Hellen. Doka ne na kowa."

Lai'atu ta ajiye wuƙa, ta kwance zaninta ta kakkaɓe shi a gaban matar, ta buɗe tafukan hannunta duka biyu ta nuna mata. Madam ta duba sosai, sannan ta ce ta wuce, gobe ta zo da wuri.